Abin da Ya Toshe Famfon Jirgin Jifri

Hannuna na dama yana can bayan kujerar bayan gida har zuwa kafaɗa, kumatuna a manne da bango, ina ta karanta hasbunallahu a zuciya, don ba na ambaton Allah da baki a irin wannan wuri.

"Umma, kin rufe makullin ruwan teku kuwa?" 'yata Rinoza ta tambaya daga bakin ƙofa, ta toshe hanci da gefen mayafi. "In kika cire tiyon ba ki rufe ba, nan cikin tashar jiragen ruwa ta Galle za mu nitse."

"Na rufe. Ke dai haska min fitila."

Aikinta ne, ba nawa ba. Ita take jan jirgin ruwan babanta yanzu, ita take ɗaga filafilansa ta kai baƙi kallon manyan kifayen teku. To amma ga tsohon ciki, sunkuyawa ta gagare ta, wari kuma amai yake sa ta. Famfon da ke niƙa ƙazanta ya fitar da ita ya tsaya, sai gurnani yake yi, ga baƙi za su zo gobe. Ni abinci kawai na kawo musu, taliyar shinkafa da miyar kwakwa. Sai ga ni da sifana.

Babanta, Jifri, sai kai da komo yake yi a kan matakala.

"Ku bar shi, na ce zan gyara da kaina. Siti, fito. Wannan ba aikin mai salla ba ne."

"Kai ka daina sallar ne?" na ce. "Da wannan hannun naka mai rawa za ka kwance noti?"

Bara aka yi masa aiki a baki, aka yanke wani abu a cikin kumatunsa. Likita ya ce wetila ce ta jawo, ganye da goro da farar ƙasar nan da yake taunawa tun yana saurayi. Ranar da aka sallame shi, Rinoza ta rantse a gabanmu, wallahi in ya sake taunawa ba zai ƙara taka jirgin nan ba. Mutumin da in ya wuni a gida sai ka ga kamar an zare masa laka.

Notin ƙarshe ya kwance. Na jawo famfon na kifa shi a bokiti, na buɗe murfin. Warin ya kori Rinoza sama da gudu.

Abin da ya naɗe farfelar ciki ba tsumma ba ne, ba gashi ba. Tuƙar goro ce, ja wur, ta dunƙule kamar igiyar kwakwa, da gutsattsarin goro masu taurin tsakuwa.

Na ɗaga kai. Jifri yana tsaye a ƙofa, ya riƙe ƙullin zanensa, irin wanda mazan garinmu ke ɗaurawa.

"Baban Rinoza, teku duk faɗinta ba ta ishe ka tofawa ba?"

"Jirgin fari ne," ya ce a hankali. "Iska tana dawo da shi jikin jirgin, ja ya ɓata. Za ta gani."

Dariya ta zo min, kuka ma ya zo, na haɗiye su duka.

"Siti, tun da aka yi min aikin nan, komai na ci kamar takarda. Har miyarki. Wannan kaɗai nake jin ɗanɗanonsa. Ki zubar kafin ta sauko."

"Zubarwa zan zubar. Amma in ta tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba."

"Gida za ta mayar da ni, in zauna ina kallon bango."

"Asibiti fa? Can bangon ya fi kyau?"

Ya juya ya hau matakala. Na sa tsinke na ƙwaƙule farfelar, na wanke, na juya ta da yatsa, ta juya. Na mayar da famfon, na ɗaure tiyo, na buɗe makullin. Rinoza ta kunna daga sama, muka ji ya zuƙe ruwa sarai.

Na wanke hannu da sabulu da lemun tsami, na hau. Ta miƙo min tawul.

"Me ya toshe shi?"

Na kalli babanta. Ya kalli ruwa, sannan ya kwance ƙullin zanensa ya fito da wani ɗan ƙunshi na ganye, ya ajiye a kan benci tsakaninsu.

Rinoza ta zauna, ta dafa cikinta.

"Baba, so kake yaron nan ya zo bai tarar da kai ba?"

"A'a, 'yata."

"Na rantse da Allah fa. A gabanka na rantse." Muryarta ta karye. "Yanzu yaya kake so in yi?"

Igiyoyi suna ta buga sandar jirgi. Na san 'yata, in ta kore shi ba za ta iya barci ba. Na san mijina, in ya zauna a gida shi kaɗai, mai sayar da wetila yana nan bakin layinmu.

"A nan idonki yana kansa," na ce. "A gida idon wa? Rantsuwa kuma tana da kaffara, ki ciyar da mabukata goma."

Ta share ido, ta ɗauki ƙunshin ta wurga cikin teku.

"Daga yau in zai hau jirgi, sai kin caje shi," na ce mata.

"Har hularsa," ta ce.

Jifri ya sunkuyar da kai, ya fara naɗe igiyar da take a naɗe. Ni kuwa na ɗauki kwandona na sauka, don kafin azahar ya kamata in kai kasuwa, kar mai kifi ya tashi.