Kukar Kalfu

Ranar da Attahiru na Kalfu ya sha ƙasa a filin kokowar Tawa, ni ma na sha ta, ko da yake ina zaune ne a gefe kusa da lasifika da hular sanyi a kaina.

Sunana Almustafa. Shekara tara ke nan ina haɗa waƙa a wani ɗaki bayan tasha, wanda na lulluɓe bangonsa da kwalin ƙwai da tsofaffin katifu na kira shi situdiyo. Mawaƙan biki, samarin da ke son zama taurari ba su ko fara gemu ba, masu tallan maganin basir, duk sun bi ta hannuna. Amma Baba Manzo bai taɓa taka ƙofata ba sai bana. Manzo makaɗin 'yan kokowa ne, ya fi shekara arba'in da ganga a hammata, kuma duk faɗin Adar inda ya sa ƙafa nan sauran mawaƙa ke sa tasu. Ya yarda zai ɗauki waƙoƙinsa goma sha biyu a wurina. Ta farko ita ce ta Attahiru.

Kirarin Attahiru shi ne Kuka, kukar itace, don ba mai iya zagaye ƙirjinsa da hannu biyu. Amshin waƙar ba shi da wuya: "Attahiru, Kuka! Na Kalfu, Kuka!" Kowane Bahaushe ya san in itacen ake nufi, murya sauka take yi a ƙarshen kalmar. In ta tsaya a sama, to hawaye ake magana.

Biyu daga cikin 'yan amshin Manzo muryarsu yawo take kamar akuyar da ta tsinke, sai na sa musu ototun, abin nan na kwamfuta da ke jan murya ya daidaita ta. Ototun ba Bahaushe ba ne. Ya ga gaɓa ta sauka, ya ɗauka kuskure ce, ya ɗago ta sama. Ni kuma da nake Bahaushe na saurari waƙar ya fi sau talatin, ban ji komai ba.

Da Attahiru ya shigo fili aka saki waƙar. Mutanen Takanamat ne suka fara dariya, don ɗan garinsu zai kara da shi. Ba a yi minti uku ba aka ɗaga Kukar Kalfu aka shimfiɗe ta. Sai fili duka ya ɗauki amshin yadda na gyara shi, ƙattai na goge idanu da bakin riga suna shessheƙar ƙarya. Kafin magariba abin ya shiga kowace salula a garin.

Washegari da hantsi Manzo ya zo. Na shimfiɗa masa tabarma, bai zauna ba.

"Ɗana," ya ce, "shekara arba'in ina yi ma maza kirari, ban taɓa sa namiji kuka gaban jama'a ba sai da na zaka wurinka."

Na rasa inda zan sa kaina. Idona ya faɗa kan tsohon kaskina, abin sauraron sauti da nake kifawa a kunne in ina aiki, duk ya sha ɗauri da salatif. Na fizgo shi na miƙa masa.

"Baba, wallahi laihin wanga na. Na araha na, gehen hagu ya daɗe da mutuwa, kuma can na aje 'yan amshi. Ta ina zan ji?"

Ba ƙarya na shirya ba. Har zuciyata haka na ɗauka.

Ya juya kaskin a hannu kamar wanda aka ba mataccen ɓera. "To sawo na ƙwarai. Juma'a in an sauko masallaci ina zakkuwa. In na ji icce, mu ci gaba da sauran. In ban ji ba, Konni za ni kai su, kuma duk wanda ya tambaye ni dalili sai in hwaɗa mai."

In Manzo ya faɗi dalili a Tawa, situdiyona ya zama ɗakin ajiye kwalin ƙwai. Ban iya noma ba, ban iya awo ba, ban iya komai ba sai wannan aikin. Abin da zai rage mini shi ne in ɗauki jaka in bi sahun yayyena zuwa Abijan in yi turin kura. Tsoro ya kama ni.

Abu ɗaya nake da shi da za a saya da sauri, shi ne babur ɗina. Da na gaya wa matata Rahinatu, tana tankaɗe, sai ta ajiye rariyar.

"Moton za ka saida don abin toshe kunne? Kai da ko ba ka toshe ba sai na yi ta kira kamar mai tallan hura?"

Na ce mata ba ta san aikin ba. Ta ce ta dai san hanyar asibiti da ƙafa, da goyo. Na fita. Kafin azahar babur ya zama na wani.

Rissa, wani Buzu mai shagon kayan wuta a kasuwa, shi kaɗai ke da abin da nake nema. Ya ajiye mini guda biyu a kan tebur. Ɗaya ja ne mai walƙiya, har da 'yar fitila a gefe, irin wanda samari ke ratayawa a wuya don 'yan mata, kuɗinsa jikka bakwai kacal. Ɗayan baƙi ne, ba ado ko kaɗan, yana kwance cikin akwatinsa kamar gawar mai kuɗi. Wani ne ya sa aka kawo masa daga arewa bai dawo ba. Kuɗinsa ya kusa cinye kuɗin babur ɗin duka, na kuwa gaya wa Rissa haka.

"Wanga jan," in ji Rissa yana gyara rawani, "duk abin da ka sa mai sai shi ƙara mai gishiri, ka ji kamar kai ka hi kowa iyawa. Baƙin ba ruwanshi da kai. Abin da ag ciki shi za ka ji. Shi ya sa shekara guda yana nan ba wanda ya taya."

Na jona jan a salulata na saki waƙar Attahiru. Ganga ta dinga dukan kaina kamar ana daka a tsakar ka, amshi kuwa can ƙasa, dishi-dishi. Na ture shi. Na ɗauki baƙin da hannu biyu na kifa.

Ban taɓa jin abu irin wannan ba. Na ji numfashin Manzo kafin ya buɗe baki. Na ji yatsan makaɗi na goga fatar ganga, na ji har ƙarar fankar situdiyona da na rantse ba ta shiga ba. Duk wannan a dama. A hagu kuwa, inda 'yan amshi suke, sai wani gunaguni kamar ana magana a gidan maƙwabta.

Raina ya ɓaci. "Rissa, ni za ka cuta? Ni? Wanga ma gehen hagu ya mutu!"

Bai yi fushi ba. Ya karɓa ya ɗora a kan rawaninsa, ya saurara, har ya ɗan murmusa, na san ya kai wurin amshin. "Duka biyu suna aiki, abokina." Sai ya juya kaskin, na hagu ya koma dama, ya kifa mini da kansa.

Amshi ya faɗo mini a kunnen dama tas, muryoyi biyar, kowace na tsaye a sama tana kiran hawaye. Kurma ma zai ji. Ganga kuma ta ɓace.

Na juya shi. Amshi ya ɓace, ganga ta dawo. Na sake juyawa. Ban san sau nawa na yi ba, sai da na ga Rissa ya kau da kai yana ta goge wani rediyo da ba ƙura a jikinsa. Na cire kaskin na sa yatsa na toshe kunnen dama. Kasuwar Tawa da rana tsaka, da masu kura da masu babur da mai wa'azi a lasifika, duk ta yi nisa kamar an kife ni da ƙwarya.

A tsaye a wurin na tuna bukukuwan da na yi shekara da shekaru, na'ura a gabana, ƙatuwar lasifika a kafaɗata ta hagu daga la'asar har a tashi. Na tuna ban san ranar da na daina sa salula a wannan kunnen ba. Na tuna tsohon kaskina da na yi ta zagi, bawan Allah, ƙila lafiyarsa lau.

"Ka ɗauki jan," Rissa ya ce a hankali, bai dube ni ba. "Ka koma ka ga ko wanda ya sayi moton zai yarda shi maido."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushinsa. Me zan yi da abu mai kunne biyu? Amma na riga na gaya wa Manzo laifin araha ne. In ya zo Juma'a ya tarar da jan roba mai fitila, ba zai ko zauna ba. In kuma ya tarar da baƙin, zai zauna, sai dai daga ranar ba ni da sauran abin da zan ɗora wa laifi. Na tsaya ina zufa a shagon mutum har wani mai sayen batir ya ce in matsa.

Na sayi baƙin. Na rungume akwatin na taka da ƙafa har bayan tasha.

Laraba da safe na je wurin wani likita ba tare da Rahinatu ta sani ba, ina addu'a a hanya Allah ya sa dauɗa ce. Ya haska, ya sake haskawa, ya ce kunnen tsaf yake. Ya ce sai an gwada ni a Yamai, amma irin wannan in ya tafi bai cika dawowa ba, kuma in lallaɓa ɗayan. Na yi masa godiya kamar ya ba ni kyauta.

Kwana uku na yi a kan waƙa ɗaya. Na cire ototun, na bi muryoyin ɗaya bayan ɗaya. In saurari gefe guda, in juya kaski, in saurari ɗayan. Ban yarda da kaina ba, sai na buɗe zanen murya a kwamfuta ina kallon layin da ido, ina tabbatar da ya gangara a ƙarshen kowace Kuka. Wuri ashirin da huɗu ne. Na duba su har idona ya yi ja. Rahinatu ta kawo mini tuwo, ta tsaya tana kallon baƙin abin a kaina, ta ce, "To, ya yi?" Na ce ya yi.

Juma'a Manzo ya zo da farar riga da ƙamshin turare. Ya ga akwatin, ya ɗaga gira, wannan karon ya zauna. Na kifa masa. Ya rufe ido, yatsunsa na kaɗawa a gwiwa. Da amshi ya zo sai na kafa masa ido. Ya saurara har ƙarshe, ya sa na maimaita, sannan ya cire.

"Icce ya tsaya," ya ce. "Madalla. Buɗo ta biyu mu ji inda munka tsaya."

Daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Na karɓi kaskin na sa, na nemo waƙa ta biyu na sake ta. Sai na yi abin da na saba yi shekara tara in akwai baƙo a ɗaki: na zame gefe guda daga kunne don in ji in an yi mini magana. Gefen hagu na zame. Manzo kuma a hagu yake zaune.

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka yana magana ba. Ni dai ina kallon kwamfuta, ganga na cika mini dama, har ina gyaɗa kai. Sai na ji hannu a kafaɗata. Na juya na ga bakinsa a rufe, idonsa a kan kunnena da ke buɗe.

Na kashe waƙar. Na soma cewa hankalina ne ya tafi wurin aiki, ya ɗaga hannu.

"Makaɗana biyu sun yi haka," ya ce. "Tun yaushe?"

"Ban sani ba, Baba. Talata na gane."

"Waƙar Attahiru hwa, da mi ka gyara ta?"

"Da ido."

 Na durƙusa a gabansa, ban ji kunya ba. Na ce ya ba ni sauran, zan bi kowace kalma, zan kira wani ya saurara mini, zan yi kyauta. Na ce ba ni da wata sana'a, na ce babur ma na sayar. Ya bar ni na gama.

Sai ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya zagayo ta bayana ya tsaya a hannun damana. Ya sunkuyo, ya ɗaga murya yadda ake yi wa tsofaffi.

"Wagga ta yi, kuma ba mai jin komi daga bakina. Amma sauran sunayen maza na, ɗana. Ba ni iya ba ido su. Sa mani su a katin salula, gobe in aiko a amsa."