Sabulu a Tankin Magani

Ƙarfe bakwai na safiyar Litinin Injiniya ta mayar da ruwan magani cikin tanki, ta tayar da injin. Kafin ƙarfe takwas allon na'ura ya fara ba ta labarin da ba ta so. Ran Juma'a, kafin a tsayar da aiki don canza famfo, injin yana kama kashi casa'in cikin ɗari na iskar kabon da ke cikin hayaƙin da ake tura masa. Yanzu sittin. Tana tsaye tana kallo ya sauka arba'in da ɗaya.

Wata goma sha ɗaya ke nan tana kan wannan gwaji, a wata rumfa da ke gindin babban bututun hayaƙin kamfanin siminti. Injin ba wani abin kallo ba ne: bututu uku masu tsayin mutum, kowanne cike da dubban zare masu rami a tsakiya. Hayaƙi na bi ta cikin zaren, ruwan magani na bi ta bayansa. Jikin zaren tantani ne mai hudojin da ido ba ya gani, iska na ratsawa, ruwa ba ya iya shiga. Maganin ya zuƙe kabon, a kai shi tukunya a dafa, ya saki iskar, a ɗura ta a silinda. Dabarar duka a kan abu ɗaya take: hudojin nan su zauna a bushe.

Ta sunkuya ta duba mafitar hayaƙi, ta ga ruwa na ɗiga daga inda bai kamata ruwa ya bi ba. Ta kashe famfo, ta hau tsani, ta ɗaga murfin tanki. Kumfa ce fal, tana ƙamshin lemon tsami.

Ta sami masu wanki a bayan sito suna warware tiyo.

"Wa ya taɓa min tanki?"

Shugabansu ya ɗago. Ƙanin mahaifiyarta ne, a gidansa ta tashi bayan rasuwar ubanta. Shekara ashirin da shida yana wanke kayan kamfanin nan, saura wata biyar ya yi ritaya. Ma'aikata na ce masa Sarkin Kumfa, domin dokarsa ɗaya ce ga kowane tanki: wanki uku, ɗauraya uku.

"Ni ne," in ji shi. "Ki ma gode min. Dattin da na kankare a gindin tankin nan, ko akuya ba za ta sa baki a ciki ba."

"Da me ka wanke?"

"Da me ake wanki? Da yawu?"

Mutanensa suka kwashe da dariya.

"Kawu, ka kashe min aikin wata goma sha ɗaya!" Muryarta ta kai har bakin sito. "Wa ya aike ka? Kullum ku ba ku san komai ba sai kumfa, kumfa, kumfa!"

Dariya ta ɗauke. Wani ya juya baya yana gyara tiyon da ba ya bukatar gyara.

Ta zaro guntun tantani daga aljihunta, wanda take nuna wa baƙi, ta ɗora a murfin bokiti. Ta ɗiga masa ruwa. Ɗigon ya tsaya a dunƙule kamar dutsen ado. Ta karya tsinken tsintsiya, ta dangwali ruwan sabulunsu, ta taɓa ɗigon. Nan take ya baje, ya nutse, tantanin ya yi duhu.

"Ka gani? Haka ka yi wa bututu ukun nan."

Kawu ya daɗe yana kallon wurin. "Na ɗauraye sau uku."

"Ko sau talatin ne! Abin da ya maƙale a lungun bawul, makunnin ruwan nan, ya isa."

"To, Injiniya." Bai taɓa kiranta haka ba sai yau. "Yaushe kika faɗa min kada a sa sabulu?"

"A rubuce yake!"

"A ina?"

A rubuce yake, gaskiya ne, a shafi na arba'in na kundin da ke cikin durowar ofishinta. Ta yi wa manyan baƙi bayanin injin nan, ta yi wa ɗaliban jami'a, ta yi wa mai ɗaukar hoto. Mutumin da ke riƙe da tiyo kuwa, wata goma sha ɗaya tana wuce shi a farfajiya da ɗaga hannu.

Kawu ya laluba aljihu ya miƙa mata wata 'yar takarda. Rubutun Manaja ne, na ran Juma'a: baƙi daga hedkwata za su zo Laraba, a wanke komai na rumfar gwaji, ciki da waje.

"Riƙe," in ji shi. "Ke ce mai son abu a rubuce."

Labari ya riga ta isa ofishin Manaja. Ta tarar har an buga rahoto, yana kan tebur da biro a gefensa. Ta karanta a tsaye. Shugaban masu wanki ya saɓa rubutaccen umarni, ya lalata kayan gwaji, ana ba da shawarar a kore shi saboda sakaci.

"Sa hannu kawai," in ji Manaja. "Zauna mana. A kawo miki shayi?"

"Yallaɓai, wane umarni ya saɓa?"

"Naki. Ba kin rubuta ba?"

"Bai taɓa ganinsa ba."

"Wannan matsalarsa ce."

Ta ajiye 'yar takardar Juma'a a kan rahoton. Manaja ya kalle ta da gefen ido, bai taɓa ba.

"Na ce a wanke. Na ce a zuba sabulu? Injiniya, hedkwata suna so a ba su mutum ɗaya da za a ɗora wa laifi kafin Laraba. Tsohon nan wata biyar ya rage masa, da ma tafiya zai yi."

"Da takardar ritaya zai tafi, ba da sunansa a allon korarru na bakin ƙofa ba, kowane direban tirela yana karantawa."

"Ko dai don kawunki ne?"

Tambayar ta soke ta, domin ta san amsar. Da wani tsoho ne da ba ta san gidansa ba, da wataƙila ta sa hannu ta koma neman sabon tantani. Wannan ya fi komai ƙona mata rai, ta kuwa juye fushin a kan na gabanta.

"Don ƙarya ce, ranka ya daɗe. Injin da ba a gama gwada shi ba, ka ce a goge shi ya yi ƙyalli don mutanen da za su tsaya minti goma su ɗauki hoto. Ka tambaye ni? Lambata tana wayarka!"

"Ki iya bakinki."

"Na iya shi wata goma sha ɗaya, ga inda ya kai mu."

Ta jawo farar takarda ta rubuta nata a tsaye. Cewa ita ce ta rubuta dokar hana sabulu, kuma ba ta isar da ita ga masu wanki ba, ba ta liƙa ko alama a jikin tanki ba. Cewa Manaja ne ya ba da umarnin wanki ba tare da sanin mai kula da injin ba. Cewa shugaban masu wanki ya yi aikin da aka sa shi, yadda ya saba yinsa.

Manaja ya karanta sau biyu. "Kin san me zai biyo baya? Ni faɗa za a yi min a waya, in ce a yi haƙuri, shi ke nan. Ke za a ɗauke ki daga aikin nan. Wani zai zo ya ƙarasa, sunansa ne zai hau kai."

"Na sani."

"A kan mai wanki."

"A kan abin da ya faru."

Ta ɗauki hoton takardun biyu, ta aika hedkwata yana kallo.

Amsa ta zo bayan azahar, kuma Manaja bai yi ƙarya ba. An dakatar da ita daga gwajin, ta miƙa makullan rumfa kafin a tashi aiki. Ba a ambaci korar kowa ba.

Tana tsiyaye maganin da ya lalace cikin duro sai ga Kawu a bakin rumfa. Bai shigo ba.

"An ce kin rubuta sunanki."

"E, Kawu."

"Kada ki tsaya jiran godiya. Laifinki kika rubuta, ba nawa ba."

"Haka ne."

Ya dubi bututu ukun, ya dubi duron. "Za su gyaru?"

"A yi ta zuba musu ruwa zalla kwana uku, a busar da iska mai ɗumi. Wataƙila a sami rabi. Wanda zai karɓe ni zai gwada." Ta goge hannu a rigar aiki. "Kawu, ka yi haƙuri da abin da na faɗa ɗazu."

"A nan? Daga ni sai ke sai duro?" Ya girgiza kai. "Shekara ashirin da shida ba wanda ya taɓa ce min ban san komai ba, sai 'yar da na koya wa wanke hannu. A gaban mutanena kika ɗaga min murya. A gabansu za ki sauke ta."

Ya juya ya nufi bayan sito, bai waiwaya ba. Ta rufe bawul, ta bi shi.