Shukar Ranar Lahadi

Ruwan farko na damanar 1985 bai tashi sauka ba sai asubahin Lahadi, kamar da gangan. Kafin rana ta fito, Musulmin ƙauyen nan na arewa da Sabon Gida sun watse gonaki da sungumi a kafaɗa. Kiristocin kuwa, su goma sha uku har da na goye, suka bi ƙarar tsohon ƙarfen mota da ake bugawa a ƙofar majami'a.

Susana ta zauna bayan mata, amma hankalinta na gida, wurin wata ƙwarya. Irin hatsi ne a ciki, wanda ta ɓoye a tulu ta liƙe bakinsa da laka duk tsawon yunwar bara. Ta ci ganye, ta ci dusa, ba ta taɓa shi ba. Shuka kuwa aikin mutum biyu ne: namiji a gaba yana sara da sungumi, mace a baya tana jefa iri tana rufewa da diddige. Mai sara mata, mijinta Tanko, yunwar ta tafi da shi. Ta kuma san yadda ake yi wa gwauruwa: sai kowa ya gama tasa gonar a waiwayo ta, lokacin ƙasa ta bushe. Tsoro ne fal cikinta, tana waƙa bakinta kawai ke motsi.

Malam Yunusa, mai bisharar da aka turo musu shekara shida da suka wuce, ya miƙe zai yi wa'azi. Siririn mutum ne, rigarsa ta fita guda ɗaya ce tak, kuma ita ce ta Lahadi. Ya buɗe Littafi, ya dubi jama'a, ya ga duk wuya ya karkata wajen taga, inda amon sungumi ke shigowa. Sai Baba Yosefu, dattijon majami'a, wanda ko akuya ba ya ɗaurewa ran Lahadi sai ya nemi gafara, ya yi gyaran murya.

"Malam, ka hwaɗa musu. Yau ranar Ubangiji ta. Wanda duk ya taɓa gona tai, ni da shi."

"Gaskiyarka, Baba," in ji Yunusa. "Ba wanda za shi taɓa gona tai yau. Ni ma ba ni taɓa tawa." Ya rufe Littafin. "Amma gonar Inna Susana, cikinmu wa ad da ita?"

Yosefu ya waiwaya ya dubi Susana.

"Ba tamu ba ta," Yunusa ya ce. "Wanda ya yi sara can bai yi ma cikinai aiki ba. Ku tashi, can mu ka ƙare sujada."

Susana ta rasa inda za ta sa kanta. "Malam, kai hwa? Laimag ga ba ta kai gobe."

"Inna, ɗauko ƙwaryakki."

Haka suka fita a jere cikin kayan Lahadi. Yunusa ya naɗe wando, ya kama layin farko. Baba Yosefu ya biyo su yana mita, wai shi kallo kawai ya zo, don ya san abin da zai faɗa wa manyan majami'a a garin Madawa. Bai yi minti goma ba ya ga saran wani saurayi ya karkace, ya fizge sungumin yana cewa ba haka aka koya wa mutane ba. Daga nan bai sake shi ba har azahar, kuma shi ne ya riƙa ɗaga waƙa. Susana na bayan Yunusa, tana jefa ƙwaya tana takewa, hawaye na zuba, ba ta ko share ba. Maƙwabcin gonarta, Alhassan, ya tsaya da nasa aikin ya dube su, ya ce, "Yau kuma masallacinku nan ya dawo?" Yunusa ya ce masa eh, ya shigo akwai wuri.

Washegari da sassafe Susana ta isa gonar Yunusa da ƙwarya, ta riga shi. Tudu ce gonar, iska ta kwana tana shan ta. Ya zo ya tura yatsa cikin ƙasa, ya zaro shi da ƙura. Ya yi murmushi ya ce za su jira wani ruwan. Wani ruwan bai zo ba sai bayan kwana goma sha bakwai, kuma duk kwanakin nan Susana ba ta iya haɗa ido da matarsa.

Da watan tara ya kama, rumbuna babu komai, hatsin sauran Kiristoci ko kai bai gama fitarwa ba. Gona ɗaya ce ta nuna, ta Susana. Ran Lahadi, kafin a buga ƙarfe, Susana ta hura wuta a ƙofar majami'a, ta gasa tumu, ta ƙirga kai goma sha uku. Na farko ta miƙa wa Yunusa da hannu biyu. Ya karɓa, ya murje shi a tafin hannu, ya hure, ya zuba wa 'yarsa ƙarama, wadda rabonta da hatsi tun kwana huɗu.