Gashin Buji a Urafane

A cikin kowace mota akwai walƙiya. Ƙarama ce, ba ta kai ƙwayar gero ba. Tana tashi a bakin wani ɗan ƙarfe mai farin wuya da ake kira buji, ita ke kunna isansi, wato man fetur ɗin da ke tura mota. Na daɗe ina mamakin wannan: walƙiya ba adadi a cikin ciki ɗaya, kuma ko ɗigon ruwa bai taɓa biyo ta ba. Bawa makanike ne ya fara nuna mini ita a kasuwar Urafane, tun muna da baƙin gashi.

Duk ranar kasuwa Bawa kan shimfiɗa buhunsa a gindin bedi, daf da tukubar Rayyanu mahauci. Ba don nama yake zama nan ba, don garwashi ne. Motar da ta zo tana tari, sai ya kwance bujinta ya cusa su cikin wuta gefen balangu, har baƙin da ya toshe su ya ƙone. Sai ya goge bakin da magagari, ya ɗan ƙwanƙwasa ƙugiyar da ke kai. Kafin ya maida su, sai ya riƙe wayar wuta nesa kaɗan da jikin inji, ya ce direba ya murɗa makulli, don ya ga tsallen walƙiyar. In ta yi shuɗi ta yi nisa, mota na da sauran kwana. Da haka ya tayar da tsofaffin Fijo da ba su ƙirguwa, kuma duk direban da ke bin yashin nan ya taɓa cin nama da ɗan warin isansi.

Sulaiman kuwa Bafulatani ne daga wata ruga tsakanin Urafane da Hawandawaki. Garkensa ya yi ta raguwa shekara bayan shekara, burtali ya zama gona, rani ya ƙara tsawo. Da ya ga saura kaɗan, sai ya sayar da su gaba ɗaya ya sayo mota irin ta yanzu, wadda ta sha aiki a ƙasar Turai kafin ta iso mu. Matarsa Biba ta hana, ta ce saniya na haihuwa, mota kuwa tsufa kawai take yi. Bai ji ba. Motar ja ce, don haka ya sa mata suna Rahaji, sunan jajayen shanun Fulani. Da ita yake kai masu nono da masu wake kasuwanni, kuma abin da ta samo shi ne tuwon gidansa. Bayanta ba shi da ko ɗan maraƙi.

Wata ranar kasuwa bayan girbi, da hantsi, sai ga Rahaji ta shigo tana karkarwa kamar mai masassara. A gaban sitiyari wata fitila rawaya ta kama, mai siffar buta. Na leƙa na daɗe ina kallonta, ina tunanin wanda ya zauna ya zana buta a cikin mota.

Sulaiman ya fito ya durƙusa ya gaida Bawa. Ya ce, “Baba, Rahaji na ɗingishi tun daga Kona. In ta hau yashi sai ta riƙa jan ƙafa.”

Bawa ya ce, “Ɗan Fulani, ka rabu da mai ƙafa huɗu ka kama mai ƙafa huɗu. Buɗe mini bakinta.”

Da aka ɗaga murfin, Bawa ya leƙa ciki. Babu wayoyin nan masu kauri da ya sani, babu ɗan kaskon da ke raba wuta. Wani baƙin marufi ne kawai, a ƙarƙashinsa kowane buji na can cikin rami da hularsa a kai. Wani direba da ke tsaye ya ce irin waɗannan sai Tasawa, wajen masu na’ura. Amma Sulaiman ya riga ya yi wa mata masu nono da ya ɗauko alkawarin maida su gida da la’asar, ga buhunan wake na jiransa, kuma tun zamanin mahaifinsa wajen Bawa motocin haya ke tsayawa gyara. Ya ce Baba ya duba.

Bawa ya ciro buji na farko ya ɗaga shi a rana. Bakinsa siriri ne kamar tsinin allura. Ya girgiza kai, ya nuna wa kowa, ya ce ga ciwon nan, ƙarfen ya cinye har ya zama haka, shi ya sa wuta ba ta da wurin tsayawa. Duka huɗun haka ya same su, tsini iri ɗaya. Ni ma na yi mamakin yadda suka cinye daidai da juna, amma ban kawo komai a raina ba, sai na ga abin ya yi kyau.

Ya cusa su cikin garwashi. Rayyanu ya tambaya ko a barbaɗa musu yaji, ya ce shekara da shekaru yana ciyar da ƴaƴan Bawa wuta, ko ɗaya bai taɓa cewa an gode ba. Aka yi dariya, har Sulaiman. Da suka huce Bawa ya sa magagari ya bi tsinin nan ya baje shi, har ya yi faɗi kamar na bujin da ya sani. Sannan ya ɗauki hula guda, ya riƙe ta a iska nesa da ƙarfe, ya ce a murɗa.

Ba mu ga walƙiya ba. Ya ce a ƙara. Aka ƙara, aka sake ƙarawa. Wani ɗan sauti ya fito daga ƙarƙashin sitiyari, kamar an taka busasshen kara, sai warin ƙonannen roba. Bawa ya maida komai wurinsa a natse. Sulaiman ya murɗa makulli, inji ya juya, ya juya, bai kama ba. Samari suka tura ta har bakin kasuwar dabbobi suka dawo da ita. Matan suka sauke ƙorensu ɗaya bayan ɗaya suka nemi amalanke.

Washegari wata babbar motar wake ta ja Rahaji da igiya zuwa Tasawa. Na bi su, Bawa ma ya bi, yana rungume da jakar kayan aikinsa. Garejin wani matashi ne, Khalifa. Ya jona wata na’ura mai kamar allo a ƙarƙashin sitiyari, ya jira, ya cire, ya sake jonawa. Ya kwance bujin ya duba su, sannan ya kalli Bawa ya sunkuyar da kai.

Ya ce, “Baba, tsinin nan ba cinyewa ba ce. Haka ake ƙera su.”

Ya yi mana bayani a hankali. Tun farko hula ɗaya ce ta gaji, da an sauya ta da shi ke nan. Amma wutar waɗannan motoci tana da ƙarfi ƙwarai, in aka sake ta ba ta sami ƙarfen da za ta sauka ba, sai ta koma inda ta fito. Ta koma ta ƙone akwatin da ke ba inji umarni. Akwatin kuma ba ya gyaruwa, sai an nemo irinsa daga bakin teku, ya kuma yarda da makullin motar, in an yi sa’a.

Sulaiman ya tambayi kuɗinsa. Da aka faɗa masa sai ya yi ɗan murmushi ya ce wannan ai bijimi ne mai tozo. Bawa ya ciro magagarinsa da sauran ƙarafansa ya zube a gabansa, ya ce ya sayar. Sulaiman ya tattara su ya maida cikin jakar da hannunsa.

Ya ce, “Riƙe abinka, Baba. Ni na ce ka duba.”

Rahaji ta zauna a bayan gareji har damina ta wuce. An aika neman akwatin, aka kawo wani bai dace ba. Da hatsi ya ƙare a gidansa, Sulaiman ya yarda aka cire tayoyin aka sayar, da niyyar ya sayi wasu in ta tashi. Daga baya batir ya bi, sannan kujeru, sannan ƙofofi. Biba ta koma sarin nono a rugar ƴan’uwanta.

Da kaka na gan shi a hanyar Mayayi, a ƙafa, yana bayan wani garke mai kyau, ya doshi arewa. Na tsaya na yaba shanun, na tambaye shi ko Allah ya mayar masa ne. Ya ce na wani ɗan kasuwa ne a Tasawa, shi kiwo kawai aka ba shi, sai ruwa ya sauka zai ga gida. Wata karsana ta ratse cikin gonar mutane, ya bi ta da gudu, ba mu yi sallama ba.