Jirgin Jibrin

Teku ya shigo unguwar Koki ne ta cikin wata tsohuwar kwamfuta, a shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki. Ilu ne ya sayo ta a gwanjo, ya kafa ta a shagon ƙofar gidansu, abokinsa Ado ya samo faifan wasan yaƙin jiragen ruwa. Kafin wata ya ƙare, samarin da babban ruwan da suka taɓa gani bai wuce na madatsar Tiga ba sun zama kwamandoji, suna ta nutsar da juna da ihu.

Wasan ya bar gurbi ɗaya da mutum zai iya zana nasa jirgin ya saka. A kan wannan gurbi ne abokan biyu suka kusa ɓatawa.

"Wasan na jiragen tarihi ne," in ji Ado. "Na Jamus, na Japan, na Ingila, waɗanda suka yi yaƙin duniya. Mu ƙaro wani ƙato daga cikinsu. Wa ya san kwalekwalen yayanka?"

"Kada ka sake ce masa kwalekwale."

"To, jirgin sintiri. Bindiga ɗaya a goshi. Ilu, duk jirgin da ya shiga nan nutsar da shi za a yi. Aikin wasan ke nan."

Ado sarkin surutu ne, a cikin magana goma da wuya ka tsinci ɗaya mai amfani, amma ran nan ya faɗi gaskiya. Ilu dai ya toshe kunne.

Jibrin, yayan Ilu, shi ne ɗan farin mahaifiyarsu Hajo. Ya shiga sojan ruwa, aka tura su aikin sulhu wata ƙasa ta bakin teku. Wata safiya jirginsu ya fita bai dawo ba. Ba gawa, ba ko riga. Masu kaki suka zo suka zauna a zaure, suka ce ana bincike, suka tafi, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Yanzu kuwa da mulki ya sauya, ana ta buɗe gidajen yari, mutanen da aka fid da rai da su suna dawowa gida a rame. Duk sanda rediyo ya fara karanto sunayen waɗanda aka saki, sai hannun Hajo ya tsaya a kan rariya.

Ilu bai taɓa lura da hannun ba. Abin da ya lura da shi, yake kuma ci masa rai, shi ne Hajo ba ta taɓa ambaton sunan Jibrin ba. Ba ta ambata yana nan ba, ba ta ambata bayan ya ɓata ba. In ta kama dole sai ta ce "wancan yaron". Kowace tsohuwa a Koki ta san alkunyar ɗan fari ce, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta nuna kewarsa a gaban mutane. Ilu ma ya sani, amma boko ya sa yana ganin ya waye ya wuce nan. Shi a ganinsa an manta da yayansa ne, a gida da waje, kuma abin yana ƙona masa zuciya.

Haka ya duƙufa, da hoto ɗaya tilo da Jibrin ya taɓa aikowa, yana zana jirgin sannu a hankali. Ya yi masa fenti ruwan toka, ya ɗora bindigar, ya rubuta sunan yayansa a gefe. Da ya gama, bayan la'asar, ya shiga cikin gida.

"Inna, ki zo ki ga wani abu."

Hajo ta yafa mayafi ta fito. Ba ta taɓa taka shagon ba. Ado ya durƙusa ya gaishe ta, ya ba ta benci. Ta dubi gilashin kwamfutar, ta ga ruwa shuɗi yana motsi, da ɗan jirgi a kansa.

"Jirginsu ne, Inna. Ga sunansa nan. Yanzu duk wanda ya shigo shagon nan zai san shi."

Ta ƙura wa sunan ido. Sai ta matso da bencin.

Wasa ba ya jiran kowa. Wani ƙaton jirgi ya ɓullo daga gefe ya buɗe wuta. Ilu ya yi ƙoƙarin kaucewa. Harbi na farko ya faɗa ruwa. Na biyu ya samu jirgin a tsakiya. Hayaƙi ya turnuƙe, goshin ya ɗaga sama, ruwa ya fara cinye rubutun gefen.

"Jibrin!"

Muryar Hajo ta fita har lungu. Mai sayar da ƙosai a ƙofar gida ta juyo. Ado ya sunkuyar da kai, ya rasa inda zai sa idonsa. Ilu ya samu abin da ya daɗe yana nema, ya kuma ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

"Inna, wasa ne kawai. Ana sake tayar da shi."

Hajo ta dube shi, idonta a bushe. "Ana sake tayar da shi?"

"Ana yi, Inna."

"To tayar da shi. Kada kowa ya taɓa shi."

Ya tayar. Ya cire sauran jiragen kakaf, na Jamus, na Japan, na Ingila. Ɗan jirgin ya tsaya shi kaɗai a kan ruwa mai lafiya, yana ɗan lilo. Samari suka leƙo za su yi wasa, suka ga tsohuwa zaune ta ƙura wa gilashi ido, suka juya sumsum. Ta zauna nan ba ta motsa ba, leɓɓanta kaɗai ke motsi, har rana ta yi ja a kan katanga.

Sai aka ɗauke wuta. Gilashin ya yi baƙi ƙirin, ba abin da ake gani a ciki sai fuskarta.

Ta jima tana kallo. Sannan, ba tare da ta juyo ba, ta tambaya a hankali, "Ilu, yanzu kuma yana ina?"