Dawar Mairama a Cikin Gilashi

Malam Ubaidullahi, kai ka kashe min iri. Ba ambaliya ba ce, ba ƙwaro ba ne, kai ne, da hannunka da karatunka. Ni ce Atika ta Taba, uwar abokinka Bilya. 'Yata Radiyya ce ke rubutawa tunda ni ban yi boko ba, kuma na ce mata kada ta gyara min magana ko ɗaya.

Ka san dawar da nake nufi, amma zan maimaita saboda wanda takardar nan za ta faɗa hannunsa bayanka. Kakata Mairama ta je Makka a ƙafa ita da mijinta, shekara goma sha ɗaya suka yi kafin su dawo. Mafi yawan shekarun a Sudan suka yi su, suna tsinkar auduga a gonakin mutane don su samu guzuri. Can ta zauna da wata Balarabiya a gida ɗaya. Kakata ta koya mata daddawa, ita kuma ta koya wa kakata wata waina mai faɗi, siririya, da suke kira kisira. Da za su rabu matar ta ɗaure mata irin dawarsu a bakin zane. Fara ce tas, gajeriya, tana nuna tun sauran dawa ba ta fitar da kai ba, a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa yara suka fara kuka. Mu a gidanmu 'yar Mairama muke ce mata. Uwata ta karɓa daga hannunta, ni na karɓa daga uwata. Da ita na riƙe marayu biyar bayan rasuwar ubansu, har da Bilyan da kake zama da shi.

Bara ruwa ya kwanta a gonata sati biyu. Abin da na tsira da shi zangarniya bakwai ne. Ban ci ko ƙwaya ba. Na ɗaure su na rataye a saman murhu yadda ake yi, hayaƙi yana bugunsu, ƙwaro ba ya kusanta.

Sai ga ka bayan kaka, Bilya ya kawo ka, ya ce malamin tarihi ne kai a wata makarantar kuɗi ta wajen Hunkuyi. Ka durƙusa ka gaishe ni da kyau, ba zan yi maka ƙarya ba. Ka zauna a tabarma kana ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ka ce masarar da ta cika Kudan daga bayan teku aka kawo ta, ita da rogo da barkono da tumatir. Ka ce raken Makarfi daga gabas mai nisa ya taso, hannu zuwa hannu, har Larabawa suka iso da shi. Ka ce ita kuma dawa tamu ce ta ƙasar baƙar fata, daga nan ta ƙetare har Indiya tun ba a san shekarun ba. Na yi dariya na ce ashe miyata duk baƙi ne a cikinta.

Ka ce, "Inna, ai duniya haka take. Kowa ya ci a tukunyar wani."

Na ce, "To Allah ya sa an wanke hannu."

Daɗin maganarka ne ya sa na ba ka labarin Mairama, har na kai ka madafi na nuna maka. Nan ka ce kuna shirya baje koli a makaranta, na yadda al'ummu suka ba juna abubuwa, manyan baƙi za su zo, ka roƙi aron zangarniyar. Na ce a'a. Na faɗa maka su ke nan, babu wasu a Taba, babu a ko'ina da na sani. Ka ce ka fahimta.

Ba ka fahimci komai ba. Ka jira sai da ƙanwata ta kwanta ciwo a Makarfi na tafi jinya, ka dawo ka samu Bilya. Ka ce masa kwana uku kawai, kuma sunan kakarsa zai shiga tarihi. Shi kuma sakarai, mai 'ya'ya huɗu, ya taka turmi ya kwance maka duka bakwai ɗin. Shi na riga na gama da shi, wata guda ke nan ba ya cin abinci a ɗakina.

Ranar da na dawo na ga igiya tana lilo babu komai, ko mayafi ban sauke ba na hau mashin zuwa makarantarku. Mai gadi ya hana ni shiga, na zauna a ƙofa har aka tashi. Da ka fito ka gan ni sai ka washe baki, ka ce in zo in ga yadda aka karrama kakata.

Na gani. Akwati ne na gilashi a jikin bango, tsakanin wata tsohuwar butar shayi da ƙyallen atamfa. Zangarniya shida a jere, an manna su a allo, suna ta sheƙi kamar an shafa musu man gyaɗa. A ƙasa an yi rubutu, ka ce sunan Mairama ne da taswirar hanyar da ta bi. Na tambaye ka ina baƙin da ke jikinsu. Ka ce datti ne, kun wanke da omo. Wannan baƙin, Malam, kunkunniyar hayaƙi ce, ita ce rigarsu. Ka ce bayan wankin kun ji tsoron kada su yi fumfuna, sai kuka kai su gidan biredi aka sa a tanderu suka bushe sarai, sannan kafinta ya fesa musu man da ake fesa wa kujeru don su shekara ashirin ba su lalace ba. Kana faɗa kana alfahari.

Na ce, "Ka gasa min iri?"

Ka ce, "Ba gashi ba ne, Inna, adanawa ce. Haka ake yi a manyan gidajen tarihi na duniya."

Ban yarda ba sai da na gwada. Na sa ka buɗe, na ɓalle guda, na zo gida na murje ta, na kankare man da farce ƙwaya bayan ƙwaya, na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma na rufe da ƙwarya. Iri mai rai kwana uku yake yi ya fasa baki. Na ba su kwana tara. Kullum da safe ina buɗewa ina yayyafa ruwa, har suka yi wari suka narke a hannuna.

Sai a lokacin hankalina ya dawo kan lissafi. Bakwai aka ɗauka, shida na gani. Na koma. Ka yi ta kame-kame, daga baya ka ce ranar da kuke jera kaya, kafin wankin, wata baƙuwa 'yar Indiya, mai bincike a kan hatsi, ta zo tare da mai makarantar. Wai da ta ga dawar sai ta riƙe ta ta ƙi saki, ta ce irinta kakarta ke yi musu gurasa da ita a ƙauyensu. Kai kuma daɗi ya kama ka, ka zare guda ka ba ta kyauta, aka ɗauke ku hoto.

Ban ji haushin matar ba. Wadda ta ga dawa ta tuna kakarta ta san abin da ta riƙe, ba za ta kai shi tanderu ba. Wannan zangarniyar tana da rai, ita kaɗai ta rage. Na ce ka kira ta. Ka ce ba ka da lambarta, mai makaranta ke da ita. Mai makaranta ya yi tafiya. Na dawo bayan kwana huɗu, ka ce ana jin tana Zariya, ko kuma ta wuce Kano. Zuwana na uku a kan maganar matar ka aiko a ce min kana aji. Na huɗu ka aiko min da leda biyu na irin zamani mai jan magani a jiki, wai a ce in yi haƙuri, wannan ya fi yawan amfani. Suna nan a ƙofar ɗakina, ban taɓa ba.

Na zaga kasuwar Hunkuyi rumfa-rumfa ina zuba hannu a buhunan mutane, har wani ya tambaya ko lafiyata ƙalau. Na je Nasarawan Doya wajen jikokin ƙanwar uwata, da na tuna an taɓa ba su irin. Suka ce sun fi shekara goma sha biyar da komawa masara, wasunsu ma ba su san sunan ba.

Ruwa ya sauka sau uku yanzu. Maƙwabtana sun yi shuka, nasu ya tsiro. Gefen da nake sa 'yar Mairama na share shi na bar shi fili, kowa ya wuce sai ya tambaya. Zangarniya ɗaya ta ishe ni, ko rabinta ne, in shuka kunya huɗu in tsare su da kaina daga tsuntsu. Amma in aka ƙara sati biyu ko an kawo ba ta da amfani bana, kuma ban san ko za ta kai baɗi a jakar baƙuwa ba, babu hayaƙi. Ni ma shekaruna sun kusa saba'in.

Kai ka ce min abin duniya hannu zuwa hannu yake tafiya. Gaskiya ne. Balarabiyar nan ba ta yi karatu ba, kakata ba ta yi ba, amma wadda ta bayar ta bayar da nata ne, wadda ta karɓa kuma ta shuka. Kai ka ɗauki abin da aka hana ka, ka ba da abin da ba naka ba.

Na kai magana wajen dagacinmu, ya sa ranar Asabar da hantsi. Kada ka turo Bilya, kada ka turo min leda. Ka nemo matar nan duk inda take, ko a waya ne ka haɗa ni da ita, Radiyya za ta fassara. Ka zo da ƙafarka, kai da mai makarantar da ya kawo ta, ku tsaya a gaban mutanen Taba ku faɗi inda zangarniyata take da ranar da za ta dawo hannuna.