Kwabban Baba Azariya

Mahaifina Azariya ya yi aikin reluwe a Kafanchan har ya yi ritaya, kuma abin da ya bar mana da ya rasu shi ne fansho ɗan kaɗan da tsofaffin kuɗi masu nauyin tsiya. Kwabo mai huji, anini, taro, sisi, sule, kuɗin da ko ƙosai ba sa saye yanzu, duk ya tara su a gwangwanayen madara da buhuna, ya kama musu hayar ɗaki guda kusa da tasha. Mu 'ya'yansa muna kwana mu biyar a ɗaki ɗaya, kwabbai kuwa da ɗakinsu har da kwaɗo. Na daɗe ina jin haushin wannan abu, ba na ɓoyewa.

Bayan rasuwarsa Mama ta koma ƙauyenmu wajen Samaru Kataf tana noman citta. Rufin gidan can ya tsufa, iska ta ɗaga kwanon, in ana ruwa sai ta jera daro da bokiti har a kan gado. Baba ya yi shekaru yana cewa zai gyara, bai gyara ba. Duk da haka, fansho na shigowa sai ta tura wa mai ɗakin Kafanchan, saboda a asibiti Baba ya riƙe hannunta ya ce kada ta bar kayan nan su lalace.

Bana mai ɗaki ya ƙara haya, ga damina ta kusa. Na je na same ta tana shanya citta.

"Mama, ko rufi ko haya. Ba za ki iya duka biyu ba."

"Tamar, na yi wa babanki alkawari."

"Cewa ya yi kada su lalace, bai ce ki kwana cikin ruwa ba. A rage su. A ajiye masu kyau, a sayar da saura."

Na ɗauka na ɓata mata rai, sai ta ce to, a kira mai saye, amma ita za ta tsaya a kai.

Na samo wani Alhaji Saifuddeen, ɗan garin Kasuwan Magani mai cinikin tsofaffin kaya, ya ce zai zo ranar Asabar. Mama ta riga ni zuwa Kafanchan da 'yan kwanaki, wai za ta share ɗakin. Ashe ba shara kawai ta je yi ba. Mama mace ce da ba ta yarda baƙo ya ga tukunyarta da baƙi. Da na iso ranar Asabar da safe, na tarar da ita zaune a ƙofar ɗaki da toka da lemun tsami da soson ƙarfe, yatsunta duk sun sale, ga kwabbai shanye a kan tabarmi suna ƙyalli kamar murfin tukunya ranar Kirsimeti. Gaskiya ni ma sun ba ni sha'awa, har na ce mata sannu da aiki.

Alhaji ya sauko daga mashin, ya gaishe da Mama, ya dubi tabarmin, sai ya cire hularsa ya riƙe.

"Mama, wa ya wanke su?"

"Ni ce. Da ƙazanta zan nuna maka su?"

"Ai baƙin nan da kika goge shi ake saye," in ji shi a hankali. "Masu tara irin waɗannan ba sa son wanda aka kankare. Soso ya cinye musu fuska."

Mama ta dubi hannuwanta. Ban taɓa ganin ta tsufa a gabana ba sai ranar. Ta ce, "Yesu. Da hannuna na lalata masa." Ni kuwa na ga rufi ya tafi, alkawari ya tafi.

Alhaji ya tsuguna yana juya su da yatsa. Ya ce kada ta kashe kanta da baƙin ciki, masu hujin nan suna da yawa a gari, ko ba a wanke ba ba wani abin kirki za su kawo ba. Sai ya tambaya ko akwai wanda ruwa bai taɓa ba.

Mama ta shiga ciki, ta fito da wani ƙaramin gwangwani naɗe da tsohuwar rigar aikin Baba.

"Wannan ban wanke ba, kuma kunya nake ji in nuna maka. Shi marigayi yake buɗewa kullum in ya dawo daga sujada. Na ɗauki soso, sai na ga hannunsa ne na ƙarshe a jikinsu, na kasa."

Alhaji ya shimfiɗa hankici, ya riƙa ɗaukar su ta gefe ɗaya bayan ɗaya. Baƙaƙe ne, marasa kyan gani, amma sai na ga bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya ce marigayi ya san abin da yake yi, ya riga ya tsince na gaske ya ware su nan, sauran buhunan rakiya ce kawai. Mama ta zauna daɓas a kan buhu tana dariya tana share hawaye da bakin zane.

Ta yarda ta sayar masa da kaɗan daga ciki, abin da zai isa kwano da kafinta, ta hana shi sauran ko da ya yi ta roƙo. Ya ce ta ajiye su inda babu laima, kuma don Allah ta nisanta su da toka. Muka miƙa wa mai ɗaki makullinsa a ranar. Buhunan da aka wanke kuwa, Alhaji ya ce ko kyauta ba zai ɗora wa mashin ɗinsa ba, dole muka loda su a motar citta zuwa ƙauye, ina ta mita a hanya.

Da kafinta Meshak ya zo aikin rufi, ya yi tuntuɓe da buhu ɗaya, ya buɗe, ya ɗebo ya duba. Ya ce robar da ake sa wa kan ƙusa rana ke cinye ta, shi ya sa iska ke fizge kwano, amma kakansa da kwabo mai huji yake buga rufi, kuma har yau rufin yana nan. Ya dubi Mama. Mama ta ce ya ɗiba. Haka ya bi rufin nan kaf, kowace ƙusa da kwabonta a wuya.

Ina can ranar da aka yi ruwan farko, da yamma, irin mai iskar nan da ke karya reshen mangwaro. Na tashi da gudu zan ɗauko daro don sabo, Mama ta ce in zauna. Muka zauna a bakin gado muna kallon sama, gwangwanin yana kan cinyarta. Kwano yana ta ƙara, ko ɗigo bai sauko ba.

Can ta shafa rigar da ke naɗe da gwangwanin ta ce, "To, Azariya, ka dai gyara rufin."